Keke Ɗaya, Mutum Uku

Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin ƙididdiga kafin in yi ritaya. Abin da na fito da shi daga can bai wuce ciwon gwiwa ba, sai kuma sanin cewa duk lambar da ka gani a takarda, wani ne ya tsaya a ƙofar wani ya yi tambaya, aka ba shi amsar da aka ga dama. Shi ya sa idan na ji ana cewa a rediyo kashi kaza cikin ɗari na matasa ba su da aikin yi, nakan tambayi rediyon, wa ya faɗa maka, kuma da wace fuska ka je masa? Jikokina sun ce na fara magana ni kaɗai.

Wata Laraba bayan la'asar Nelson Zacchaeus ya yi sallama a gidana na Rijiyar Lemo. A ƙarƙashina ya yi hidimar ƙasa, yana siriri kamar tsinke, ɗan wata malamar makaranta daga Wusasa. Ni na koya masa yadda ake zama a tabarmar mutane ba tare da an nuna musu tafin takalmi ba. Yanzu ya zama Dakta, yana da cibiyar bincike tasa ta kansa a wani bene a Sabon Gari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye turmin atamfa a gefen kujerata.

"Mama, roƙo na zo yi."

"Ai na gani. Mai zuwa gaisuwa kankana yake kawowa."

Ya yi dariya, sannan ya bayyana mini. An ba shi aikin binciken yadda matasan Fagge da Sabon Gari suke samun abin yi, da irin giɓin da ke tsakanin samun wannan da na wancan, domin a ba gwamnati shawara. Babban sashen aikin a kan 'yan adaidaita sahu ne. Ya tura yara ashirin masu digiri, kowanne da na'urar rubuta amsa a hannu, suka yi mako uku suka dawo masa da shirme.

"Kowa sai ya ce shi kaɗai yake tuƙa kekensa daga asuba har dare. Amma yarana sun ga keke ɗaya da fuska uku a yini guda. Sunayen ma na bogi ne. Mutum goma sha ɗaya sun ce sunansu Ɗan'azumi."

"To da me kake so su ce? Ka tura musu yaro da katin wuya da takalmi mai ƙyalli, ai sun ɗauka haraji ne."

Abin da yake nema na san shi, kowa ma a Fagge ya san shi, rubutawa ne ba a yi. Karɓa-karɓa ake yi. Mai keke ya ba mutum ɗaya, wanda aka yi wa rajista da hotonsa a kati. Shi zai yi daga asuba zuwa azahar, ya miƙa wa na biyu zuwa magariba, na uku ya ƙarasa. Na biyu da na uku ba su da kati. A takarda babu su, amma a gida akwai su, da mata da 'ya'ya.

Na san wannan ne saboda Quadri, ɗan ƙawata Falilat. Kakanninsu daga Ogbomosho suka zo, amma ita a Fagge aka haife ta, a nan take sarin yadi, kuma shekara arba'in muna tare. Quadri ya yi difloma a aikin lantarki, ya gaji da yawo da takardu, ya kama rabon tsakiya a keken wani Alhaji. Da wannan rabon na azahar zuwa magariba ya auri Aishat, da shi yake ciyar da ita da jaririyarsu.

Na ce wa Nelson, "A zamaninmu fom yana da shafin farko, inda ake rubuta suna da unguwa. In an gama tambaya sai in yage shafin a gaban mutum, ya ga amsarsa ta rabu da sunansa. Wannan na'urar taka, ina ake yagewa?"

"Da kanta take yagewa, Mama. Da zarar amsa ta shiga rumbun kwamfuta, suna ya koma lamba."

"To me za ka yi da suna da lambar waya tun farko?"

"Don mu dawo bayan shekara mu ga abin da ya canza."

Wannan gaskiya ne, haka ake yi, ni ma na sha yi. Na yarda. Ba zan ɓoye ba, har da daɗin da na ji cewa a shekara sittin da tara akwai aikin da yara ashirin masu digiri suka kasa, aka zo nemana.

Ranar farko muka je inda 'yan adaidaita suke taruwa kusa da tashar jirgin ƙasa. Akwai takardar neman yarda da aka ce in karanta wa kowa kafin ya dangwala yatsa, shafi biyu da ƙananan rubutu, an juya ta zuwa wata irin Hausa da ko a kotu ba a yi. Na fara karantawa. Kafin in kai layi na huɗu biyu sun tafi ɗaukar fasinja, ɗaya ya koma wajen mai shayi. Sai na ninke takardar na cusa a jaka.

Na ce, "Ku saurara. Ni ce Kubura ta Rijiyar Lemo, wasunku na je sunanku. Ba haraji ba ne, ba kamu ba ne. So ake a san ku nawa ne ke ci daga keke ɗaya, don masu tsara doka su daina tsarawa kamar ba ku. Sunanku ba mai gani. Ni na faɗa."

Wani mai jar hula ya nuna na'urar da Nelson ya ba ni ya ce, "Hajiya, ke mun yarda da ke. Wannan abin na hannunki fa?"

"Shi ma bawana ne."

Quadri ne ya fara zama a benci kusa da ni. Ya ce, "Mama, tambaye ni. In an kama ni, ke za ki yi wa Iya bayani." Aka kwashe da dariya. Ya faɗi sunansa na gaskiya, da lambar wayarsa, da lambar keken, da lokacin da yake karɓa. Da ya tashi sai mai jar hula ya zauna.

Mako shida muka yi, daga Fagge har cikin Sabon Gari. Mutum ɗari uku da arba'in suka zauna a gabana, a kan keke ɗari da ashirin. Na ji abubuwan da babu su a littafin kowane farfesa. Ashe na safe ba shi ya fi samu ba, domin shi ke ɗaukar ɗawainiyar gyara. Ashe in matar na uku ta haihu, na biyu kan bar masa rabonsa na mako guda ba tare da an roƙe shi ba. Akwai keken da Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri suke karɓa-karɓa a kansa, sun tsara ta yadda wannan zai samu Juma'a, wancan ya samu cocinsa ran Lahadi. Kullum in na dawo gida sai in jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi ina jin kamar na koma shekara arba'in. Nelson ya ce wannan bayanin zinariya ne. Na miƙa masa na'urarsa na koma ga jikokina.

Bayan wata biyar Quadri ya shigo gidana yana murmushi, waya a hannu.

"Mama, aikinki ya fara haihuwa."

Saƙo ne daga wata hukuma. Wai an zaɓe shi cikin shirin samar wa matasa aiki, ya zo ranar Litinin da lambar keken da yake tuƙawa. An rubuta cikakken sunansa, har da Yekini, sunan mahaifinsa, wanda ba kowa ya sani a tasha ba. Ya ce kusan duk wanda ya zauna a gabana ya samu.

Na ce, "Wa ya ba su lambarka?"

"Ba ke ba ce?"

"Ka dakata kada ka je, sai na bincika."

"Haba Mama. Yau gwamnati ta san sunana a karon farko, ki ce in ɓuya?"

Na kira Nelson sau huɗu a ranar, bai ɗauka ba. Da safe ya turo saƙo cewa yana Abuja, in kwantar da hankalina, alheri ne. Da na so, da na taka har tasha na ce kada wanda ya je. Ban yi ba. Na ce wa kaina wataƙila tsufa ne ya sa nake ganin maciji a kowace igiya.

Suka je. Aka ɗauki hotunansu, aka ba kowa ruwan leda da biskit. Gurbin koyon sana'a arba'in ne kacal, na mako biyu, yin sabulu da gyaran waya. Quadri bai samu ba, amma bai damu ba, tunda yana da rabonsa.

Mako uku bayan haka aka fitar da sabon tsari. Keke ɗaya, direba ɗaya, hotonsa a manne a gilashin gaba. Duk keken da aka kama wani daban a kai, za a tsare shi. Masu kekuna kuma kowa ya samu wasiƙa. Alhajin Quadri ya kira shi ya nuna masa tasa, ya ce ya yi haƙuri, ba zai iya asarar keke ba. Quadri ya ɗauki hoton wasiƙar ya turo mini, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. A ƙarƙashin lambar keken an jera sunaye biyu na masu tuƙi ba izini. A gaban nasa an rubuta: azahar zuwa magariba. A wurin taron ba wanda ya tambaye su lokaci. Ni na tambaya.

Washegari na hau benen Nelson. Matakala ashirin da biyu ne, na tsaya sau biyu ina hutawa, ƙarar masu sayar da kayan gyaran mota tana tasowa daga ƙasa. Ya taso da sauri ya jawo mini kujera, ya ce a kawo lemo mai sanyi.

"Bar lemonka. Ka ce mini na'ura tana yage shafin farko."

"Tana yagewa, Mama. A rumbun da muke nazari babu suna."

"Amma akwai wani rumbun."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Akwai. Hukumar ta ce za ta yi wa matasa shiri, tana neman sunayen waɗanda suka fi bukata. Waɗanda suka ba mu kuɗin binciken kuma kullum tambayarsu, ina tasirin aikinku a kan manufa? Na ɗauka taimako ne. Wallahi ban san za su juya shi haka ba."

"Kai da wallahi yanzu? Ka ba su suna, na ji. Lokacin karɓar keke fa, shi ma na koyon sabulu ne?"

"Fayil ɗin gaba ɗaya aka tura. Ba ni na zauna na tace ba."

"Na yi wa mutum ɗari uku da arba'in alkawari da bakina."

Sai ya buɗe aljihun tebur ya ciro takardar neman yardar nan mai shafi biyu. Ya ɗora yatsa a sakin layi na tara. An rubuta cewa ana iya raba bayanai da abokan hulɗa na gwamnati domin tsara manufa.

"Yana ciki, Mama. Kowa ya dangwala yatsa. Ke ce ba ki karanta musu ba."

A hankali ya faɗa, cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ni kaina ban taɓa karanta takardar har sakin layi na tara ba, ni da nake yi wa rediyo gardama.

Na ce, "Yaranka ashirin sun karanta musu?"

"Sun karanta."

"Me suka samu?"

Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

"Ɗan'azumi goma sha ɗaya suka samu. Shi ya sa ka zo da atamfa. Ka yi shekara guda a ƙarƙashina, ka san ba na karanta wa mutane takarda, magana nake yi musu. Fuskata ka zo aro, Nelson."

"Ba haka na nufa ba."

"Ban tambaye ka nufi ba."

Don ya sauya magana, ko don yana ganin zai sanyaya mini rai, sai ya miƙo mini rahoton. Bugu mai kyau, takarda mai santsi, hoton wani saurayi yana dariya a cikin keke a bango. Ya ce sun yi ɗan gwaji bayan sabon tsarin, kuma sakamakon ba laifi. Matsakaicin samun direba ya kusa ninkawa. Giɓin da ke tsakanin direbobi ya ragu sosai.

Na sa tabarauna na duba jadawalin. "Direba nawa kuka tambaya a wannan karon?"

"Ɗari da ashirin. Masu kati."

"Sauran ɗari biyu da ashirin fa?"

"Ai su yanzu ba direbobi ba ne, bisa ma'anar da muka yi amfani da ita."

Na yi dariya, har yarinyar da ke buga takardu a waje ta leƙo. "Tuwon mutum uku ka ba mutum ɗaya, ka auna cikinsa, ka rubuta cewa an samu ƙoshi a gari. In haka ne ai talauci ba wuya. Ka fitar da matalauta daga jadawali, kowa ya zama Alhaji. Wannan ne aka ba ka Dakta a kai?"

"Mama, tsarin yana da amfaninsa. Akwai batun tsaro. Fasinja ya kamata ya san wanda ya ɗauke shi."

"Sai a yi wa mutum uku kati uku. Wannan ce shawarar da ke cikin amsoshin da na kawo maka. Tana ina?"

"Hukumar ba ta so. Sun ce zai ƙara cunkoso."

"Keken ɗaya ne, Nelson. Ko mutum goma ne a kansa, wuri ɗaya yake ci a titi."

Ya ce zai iya sa sakin layi guda a rataye, a ƙarƙashin iyakokin bincike. Ya ce yana da ma'aikata goma sha ɗaya da suke jiran albashi daga wannan benen, in ya ɓata da hukuma ba zai sake samun aiki a jihar ba. Na san gaskiya ya faɗa, kuma ban ji tausayinsa ba. Sannan, ko kunya babu, ya ce akwai zagaye na biyu bayan salla, ko zan taimaka, tunda mutanen sun saba da ni.

Na buɗe shafin godiya. Sunana ne na farko: Hajiya Kubura, wadda ba don amincin da jama'a suka yi mata ba, da wannan aiki bai yiwu ba.

"Cire sunana."

"An riga an buga kwafi ɗari biyar."

Na ajiye masa rahotonsa na kama ƙarfen matakala. Ya biyo ni yana cewa direbansa ya kai ni gida. Ban juya ba.

Kwana biyu ina rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar, da lambobi da hujja, irin wadda na iya. Na kai da kaina. Wani saurayi ya buga mata hatimi ya jefa a tire. Na je wajen Alhajin Quadri, ya karɓe ni da mutunci, ya ce in an janye doka gobe, gobe zai mayar da shi. Quadri ya yi wata biyu yana bin masu gini ko za a samu aikin wayar lantarki. Ban je gidan Falilat ba duk tsawon lokacin, ita ma ba ta kira ba. Sai da na ji a bakin wata maƙwabciya cewa Quadri zai tafi Ogbomosho wajen wani kawunsa mai gyaran janareta, garin da sau biyu ya taɓa zuwa a rayuwarsa, sannan na ɗauki mayafina.

Na same ta a tsakar gida tana ninke masa kaya a cikin jaka. Aishat tana ɗaki, ina jin kukan jaririyar. Falilat ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi gwiwata da jikokina ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa mata komai, har sakin layi na tara, har da cewa ban karanta ba. Ta saurara hannunta bai daina ninki ba.

"Na san ba ki sayar da shi ba, Iya Ikhlas," in ji ta, da sunan 'yata ta fari kamar yadda take kirana. "Da a ce sayarwa kika yi, da na san abin da zan ce miki."

"Ki faɗa ko ma mene ne."

"Ranar da ya dawo daga tasha ya ce mini ya ba da sunansa, na ce masa kai wawa ne, ubanka shekara talatin yana kasuwa bai taɓa faɗa wa mai takarda gaskiya ba. Ya ce ai Mama Kubura ce. Sai na yi shiru. Ni ma na yi shiru, kin gani."

Ta ja zif ɗin jakar, ya maƙale, ta sake ja.

"Yarabancinsa ma dariya za su yi masa a can. Hausa yake mafarki da ita."

"Yaushe motar za ta tashi?"

"Gobe da la'asar, daga Sabon Gari."

"Zan zo in yi masa addu'a."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun shigowata.

"Ki yi masa daga gida. Abokansa na tasha duk za su je rakiya, su da yawa ba su da abin yi yanzu. Shi ba zai ce miki komai ba, na yi masa tarbiyya. Su ban san me za su ce ba, kuma ba na so ya tsaya yana kare ki a ranar tafiyarsa."

Na ce to.

Ta raka ni har bakin zaure, ba ta fito titi ba. Na tsaya a gefen hanya ina jiran abin hawa. Keke ya tsaya, da hoton direban a manne a gilashi, idanunsa jajur. Na san fuskar, ya taɓa zama a gabana a benci. Ya dube ni, ya dubi titi.

"Ina za ki, Hajiya?"

"Rijiyar Lemo."

"Ba can na nufa ba," ya ce, ya ja kekensa ba kowa a ciki.